Ƙugiyar Ɗ a jikin kwalbar yaji: yadda muka zaɓi rubutun buroshi a Yamai

Hajiyar da wannan aiki ya shafa ƙawar mahaifiyata ce tun suna ƴammata a Tawa, don haka Inna nake ce mata. Ta fi shekara goma tana daka yaji tana toya ƙuli-ƙuli a gidanta nan Yamai, ana ƙullawa a leda ana kai wa masu tsire da ƴan tebur. Da Allah ya buɗa mata kasuwa, sai wasu manyan kantuna suka ce za su karɓi kayanta amma da sharaɗi: a zuba a kwalba, a manna takarda mai ɗauke da suna da abin da ke ciki da ranar da aka yi. Ni kuwa sana'ata ke nan, zanen tambari da alluna da takardun manni, a wani ɗan shago da nake haya wajen Wadata.

Ba ni ta fara kawo wa aikin ba. Wani ɗakin buga takardu ya riga ya buga mata ɗari biyar, har an manna kusan rabi. Ranar da ta zo, bayan la'asar ne, ta ciro kwalba daga jaka ta dire a kan teburina tun kafin mu gama gaisawa.

"Ɗan nan, duba mini. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da ido. Me ya sami haruffan nan biyu? Kamar ba su ci abinci ba."

Kalma ɗaya ce a tsakiyar takardar, Ɗanɗano, da jan rubutu mai kauri irin na buroshi, ya ɗan kishingiɗa dama. Haruffa biyar sun tafi tare, kowanne riƙe da na gabansa. Ɗ na farko da ɗ na tsakiya kuwa sirara ne, a tsaye ƙyam, irin rubutun takardar ofis, ba su taɓa kowa ba, ba wanda ya taɓa su. Duk wanda ya kalli kwalbar, nan idonsa zai fara sauka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga mai wannan sana'a. Kowane salon haruffa da ke cikin kwamfuta, wanda a ɗakunan bugu na Yamai ake kira "polis" daga Faransanci, kamar akwati ne da aka jera haruffa a ciki, kowanne da lambarsa. In ka danna harafin da mai salon bai zana ba, manhajar ba za ta tsaya ta gaya maka ba. Ko dai ta ajiye maka akwatin wofi, ko ta aro harafin daga wani salo ta liƙa. Abin da ya faru da kwalbar Inna ke nan. Yaron da ya yi aikin ya ɗauki Brush Script, wanda kusan duk kwamfutar da ke da Word tana da shi. Robert E. Smith ne ya zana shi a 1942 don kamfanin American Type Founders na Amurka, domin masu talla da Turanci. Wanda ke cikin kwamfutocinmu yana da é da è da ç na Faransanci, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ.

Abin yana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna cewa a garin nan na Yamai aka yi taron UNESCO na 1978 wanda ya fitar da jerin haruffan rubuta harsunan Afirka, kuma masu ƙugiyar nan suna ciki. Ƙa'idar rubutun Hausa da hukumar Nijar ta tsayar a 1999 ma da su take aiki, har da ƴ, wanda a Najeriya ake rubutawa da y mai waƙafi a gaba. Haruffan suna da mazauninsu a Unicode, wato tsarin lambobin haruffa da kwamfutoci da wayoyi ke amfani da shi, tun da daɗewa. Masu zana salon ado ne ba sa waiwayarsu, musamman masu rubutun buroshi, domin kowane harafi a irin wannan salo aikin hannu ne mai cin lokaci, kuma ba mu suke tunani ba sa'ad da suke zanawa.

Kafin a kai ga zaɓen salo, sai da aka yi gardama a gidan Inna a kan ko ƙugiyar ma tana da amfani. Ƴarta, wadda ke karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, ta ce mini: "Yaya, wa ke sa ƙugiya a WhatsApp? Kowa Dandano zai rubuta, kuma kowa zai gane." Ta ƙara da cewa yawancin masu saye a manyan kantuna da Faransanci suka koyi karatu, da yawansu Zabarmawa ne, sun saba ganin kilichi da kouli-kouli, ba kilishi da ƙuli-ƙuli ba. Maganarta tana da ƙamshin gaskiya, ban kuma yi mata musu a kan abin da ke faruwa a waya ba. Bahaushe yana raba kafa da ƙafa, ko daki da ɗaki, daga yadda zance ya zo. Sai dai suna a jikin kaya shi kaɗai yake tsaye, ba jimlar da za ta taimake shi. Kuma na gaya mata abin da na yi imani da shi: wanda ya biya kuɗi aka rubuta masa suna, haƙƙinsa ne a rubuta shi daidai. Ga shi a watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. In alluna da kwalabe ba su ɗauki rubutun yadda yake ba, a ina yara za su gan shi bayan sun fito daga aji?

Inna ce ta yanke. Ta ce sunan a bar shi yadda ake faɗarsa, bayanin kayan kuwa a sa da Faransanci a ƙasa da ƙananan haruffa. Ta kuma dage a kan rubutun buroshi. Na so in karkatar da ita zuwa haruffa tsayayyu masu kauri, waɗanda suka fi sauƙin sha'ani, ta ƙi. Ta ce yajinta da hannu ake dakawa a turmi, ba ta son rubutun banki a jikinsa. Daga baya na gane ta fi ni gani. A kan kanta, kusa da gwangwanayen tumatir da kwalayen da aka shigo da su daga waje, rubutun da ke nuna sawun hannu shi ne ke cewa wannan kaya daga gidan wani ya fito.

Na tara salo goma sha ɗaya. Ban kalli hotunan tallar da masu su ke yi ba, inda ake rubuta kalmar Turanci da aka zaɓa don ta yi kyau. Kalmarmu na rubuta da kowanne, da D da d marasa ƙugiya tukuna, tare da "mai daɗi" da "ƙuli-ƙuli", na buga a takarda baƙi da fari, babba da ƙarami.

Huɗu sun faɗi tun kafin a buga, a kan lasisi. Da yawa daga salon da ake saukewa kyauta a shafuka irin su DaFont, in ka karanta ƴar takardar da ke tare da su, za ka ga an ce kyautar ta amfanin kai ce kawai, ban da kasuwanci, ban da taɓa zanen harafi. Mu kuwa kasuwanci za mu yi, kuma dole sai mun taɓa. Na san mutane da yawa ba sa damuwa da wannan a garin nan. Ni ina damuwa, domin ni ma da zane nake ci, kuma ba na so in ɗora wa dattijuwa tambarin da wata rana za a ce ba halal ɗinta ba ne.

Akwai biyu da nake ƙauna tun ina koyon aiki, dukansu na Bafaranshen nan Roger Excoffon ne, wanda ya zana wa maƙerar haruffa ta Olive a Marsai. Mistral na 1953 yana gudu kamar rubutun mai sauri, amma siriri ne, a kan jar kwalba daga nesa sai ya narke. Choc na 1955 shi ne mai kaurin da muke nema, kowane harafi kamar an dangwala buroshi an buga sau ɗaya. Da na rage shi zuwa girman takardar kwalba, cikin a da cikin o suka kusa toshewa, kalmar ta koma jerin baƙaƙen dunƙule. Wannan ita ce cutar rubutu mai kauri: ƙarfinsa a jikin layi yake, amma farin filin da ke cikin harafi shi ke sa a karanta. In tawada ta ɗan bazu a kan takarda mai sheƙi, ko ƙurar hunturu ta kwanta a kan allo, wannan fili ne ke fara tafiya.

Matsalar da ta fi ɗaukar mini lokaci ban taɓa jin wani ya ambace ta ba sai da na ci karo da ita. A yawancin rubutun buroshi, babban D yana zuwa da ado a kafaɗarsa ta hagu, wata lanƙwasa da ake farawa da ita kafin a sauko. To, a daidai wurin ƙugiyar Ɗ take zama. Ke nan a irin wannan salo D ya riga ya yi kama da Ɗ, in kuma ka ƙara masa ƙugiya sai mai karatu ya ɗauka ado ne. Haka ƙananan d da b da k: salon da ke naɗe musu kai kamar madauki ba ya barin wurin ƙugiya, domin madaukin ya cinye saman harafin. Wannan kaɗai ya fitar da uku. Daga nan na san abin da nake nema: manyan haruffa marasa ado, dogayen haruffa masu kai a miƙe ba naɗi, ciki a buɗe, da gaɓoɓin haɗi masu ɗan kauri waɗanda ba za su tsinke ba.

Biyu suka rage, dukansu daga Google Fonts, ƙarƙashin lasisin OFL na SIL, wata ƙungiya mai aiki a kan harsuna da rubutunsu. Wannan lasisi ya yarda a yi kasuwanci da salo, ya yarda a gyara shi a ƙara haruffa, da sharaɗin kada a sayar da shi shi kaɗai, gyararren ya zauna a ƙarƙashin lasisin, kuma in mai shi ya keɓe sunan, a canja wa gyararren suna. Tambarin da ka zana da shi naka ne. Na ɗauki wanda ya fi faɗin ciki, duk da ɗayan ya fi shi kyau a babban girma.

Saura ƙugiya. Dabarar da kowa ke yi ita na fara yi: na yanko kan f na ɗora wa d. A kwamfuta ya yi daidai, kauri ɗaya, kwana ɗaya. Da na buga na manna a bango na ja da baya, sai na ga abin bai zauna ba, kamar hular aro. Na kwana biyu ina matsar da ɗigo nan da can, ban gano inda gizo ke saƙar ba.

Akwai wani dattijo a gefen kasuwar Katako da ke rubuta alluna da jikin manyan motoci tun kafin a haife ni. Wurinsa na nufa da takardata. Na same shi a inuwar rumfa, gwangwanayen fenti jere a gabansa, buroshinsa a tsome cikin kwalbar kananzir. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa.

"Baba, ku duba mini harafin nan. Na rasa abin da ke damunsa."

Ya riƙe takardar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. "Samari, wannan daga baya ka ɗora masa kai. Hannu ba ya haka."

Ya jawo ɓallin kwali, ya zaɓi buroshi mai faɗin baki kamar yatsa biyu, ya matse shi a tsumma, ya tsoma a jan fenti, ya shafe gefe ɗaya a bakin gwangwani. Ya fara zana tumbin ɗ. Sannan ya ɗaga hannu, ya ɗora ƙarshen gashin buroshin a sama ta dama, da kaifinsa kawai, ya zagayo hagu a hankali, yana zagayowa yana murza sandar tsakanin yatsunsa, har faɗin bakin ya kwanta gaba ɗaya, ya sauko ƙasa da numfashi guda. Ƙugiyar ta fara siririya kamar ƙaya, ta yi ta kumbura har ta zama jikin harafin. Ba inda za ka nuna ka ce nan ƙugiya ta ƙare, nan sanda ta fara. Tawa kuwa kaurinta ɗaya daga farko har ƙarshe, shi ya sa ta yi kama da abin da aka liƙa.

Ya yi mini ɗ sau shida a kwalin, ba biyu da suka zama ɗaya. A kan babban Ɗ ya nuna mini wani abu kuma: ya ce kada ƙugiyar ta yi sama, ta fito hagu ta lanƙwaso ƙasa, gajeriya mai nauyi, a bar ɗan fili tsakaninta da sandar yadda haske zai shiga. In ta yi tsawo ta zama ado, in ta manne ta zama ƙari. Na biya shi ladan aikinsa, ya ƙi karɓa sai da na ce na Hajiya ne ba nawa ba.

Na ɗauki hoton kwalin, na bi sawun fentin a kwamfuta, na daidaita kwanciyarsa da ta salon da na zaɓa. Na zana ɗ iri biyu, domin a "mai daɗi" ƙugiyar tana karo da ɗigon i, sai na yi wata mai ɗan gajarta don irin wannan wuri. Haka a da n da suka zo sau biyu a cikin sunan: in suka fito iri ɗaya sak, ido yana gane cewa inji ne ya yi, duk kamannin hannun ya tafi. Na ɗan sauya wutsiyar n ta biyu da buɗewar a. Sabbin haruffan na saka su cikin salon da FontForge, manhajar kyauta ce, na ba shi wani suna kamar yadda lasisin ya nema. Ƙananan bayanai, wato abin da ke ciki da nauyi da rana da lambar waya, ban yarda a rubuta su da buroshi ba. Andika na sa, salon da SIL ta yi don masu koyon karatu, yana da masu ƙugiya duka kuma lambobinsa ba sa rikicewa. Na kuma roƙi Inna kada ta bari kowa ya rubuta sunan da manyan haruffa zalla ko ya ware tsakaninsu, domin rubutun haɗe da zarar an ja shi sai gaɓoɓinsa su rabu.

Gwajin da muka yi ba na ofis ba ne. Masu alluna suna da wani ƙiyasi, cewa kowace mita 3 ta nisa tana son kamar santimita 2 da rabi na tsayin harafi. Daga ƙofar gidan Inna zuwa tsallaken titi mita 15 ne, don haka na sa ƙananan haruffan allon da za a rataya a ƙofar su kai santimita 13. Na buga gwaji a takarda, muka rataya a ƙofar, na tsallaka wurin mai shayi na tambayi duk wanda ya zauna me aka rubuta. Mai shayin ya karanta da ɗ ɗinsa daram. Wata yarinya ƴar firamare ma haka. Wani maƙwabci Bazabarme ya ce Dandano, sannan ya tambaya mene ne wannan abu a kan D. Aka gaya masa, ya gwada faɗa, aka yi ta gyara masa. Wani ɗan kabu-kabu da na roƙa ya wuce a guje ya dawo, ya ce sunan ya gani sarai, amma ƙaramin layin ƙasa bai kama ko harafi ɗaya ba. Muka cire layin daga allon gaba ɗaya, aka bar shi a kwalba.

Wajen bugu an sake samun cikas. Salon yana da gefe mai kaushi, irin sawun buroshin da fenti ya fara ƙare masa. A babban allon da aka buga a tamfol ya yi kyau ƙwarai. Amma da aka zo yanka sunan a ledar manni don gilashin ƙofa, wuƙar injin ta yi ta tsalle a kan ƙananan tsagogin, ledar ta yayyage wajen ɓarewa. Dole na yi zubi na biyu mai santsin gefe, na narkar da haruffan suka zama jiki ɗaya don kada wuƙa ta yanka inda suka hau juna. Wannan zubin shi muka sa a kwalba da hoton WhatsApp, inda da'irar ƙarama ce ƙwarai, har ma a can Ɗ kaɗai muka bari. Duk fayil ɗin da zai fita daga hannuna kuma sai na mai da rubutun zane a manhajar CorelDRAW tukuna, yadda ko kwamfutar mai bugu ba ta da salon, ba abin da za ta aro.

Takardu ɗari biyar na farko asara ce, Inna ta ɗauke ta. Ita da jikokinta suka zauna da ruwan ɗumi suna ɓare waɗanda aka riga aka manna. Sababbin sun shiga kantuna kafin azumi. Ba zan ce rubutu ne ya sayar da yajin ba, yajin ne ke sayar da kansa, amma ta gaya mini masu kira a waya sun daina cewa "mai jar kwalba", suna kiran sunan.

Akwai inda ƙugiyar ba ta kai ba har yau. Injin rasit na ɗaya daga cikin kantunan alamar tambaya yake bugawa a wurin Ɗ, sai suka mai da shi D. A Facebook ma ƴar Inna ta rubuta sunan iri biyu a bayanin shafin, domin masu nema da waya ba sa danna mai ƙugiya, kuma na ga dacewar hakan.

Makon jiya Inna ta aiko jikanta da kwalbar ƙuli-ƙuli babu takarda, da saƙon cewa shi ma a yi masa irin rubutun. Ƙaramin ƙ na riga na zana, amma babban Ƙ ƙugiyarsa a hannun dama na sama take, wurin da salon namu ke da wata ƴar wutsiya tasa. Na yanki kwali biyu na ajiye, ranar Asabar da safe zan koma Katako wurin Baba.